Yawon Uba Da Ƙananan 'Ya'yansa

Ya ku 'yan makaranta, ga wata magana da na ke so mu auna tare a wannan mako. In an ji ta da fari sai a ce ƙarama ce, ba ta isa a ɓata mata takarda ba, amma ku yi haƙuri ku bi ni. Magidanci ne mai sana'a, mai gemu, mai mutunci a unguwa, ya tashi ran hutu ko kashegarin Salla, ya rufe rumfarsa, ya tattara ƙananan 'ya'yansa, ya saɓa ɗaya a wuya, ya riƙe ɗaya a hannu, babban yana biye da goran ruwa. Suka fita bayan gari, ko suka hau dutse, suka yini suna duban itatuwa da tsuntsaye, suka komo da almuru ƙafa duk ƙura, ba a saya ba, ba a sayar ba. To, wannan mutum aiki ya yi ko wasa? In kuwa aiki ne, wane irin hakki ya ke da shi a kan yaran nan, alhali ƙananan cikinsu ba za su ko tuna da ranar ba?

Kada ku yi saurin amsawa, domin masu cewa wasa ne ba wawaye ba ne. Dattawa ne, sun kuwa san abin da su ke faɗi. Su kan ce hakkin ɗa bisa ubansa sananne ne, an ƙidaya shi tun kaka da kakanni: ya zaɓa masa uwa ta gari, ya raɗa masa suna mai kyau ran bakwai, ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya kai shi makaranta, ya koya masa sana'a, in ya isa ya yi masa auren fari. Yawo ba ya cikin lissafin. Reno kuwa na uwa ne, da yayye, da kakanni. Banda wannan ga kunya. A gidajen Hausawa da Filani da yawa uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya nuna ɗoki a kansa gaban mutane, balle ya ɗora shi a wuya ya ratsa kasuwa. Sa'an nan su kan ƙara da cewa yawan wasa da yaro shi ke kawo raini, wanda ya saba hawa wuyanka yau, gobe maganarka zai hau.

Rabin wannan magana gaskiya ne. Uban da ya bar tukunya a kife ya tafi yawon dutse da yara ba abin yabo ba ne, ko da ya komo da su suna dariya, gama dariya ba ta zama tuwon dare. Amma ku lura da wani abu. Yawancin abin da dattawan suka lissafa, in uba ya ƙi yi, a kan iya kai ƙararsa. Alƙali yana iya sa shi ya ciyar, dangi suna iya sa shi ya tufatar, mai unguwa yana iya matsa masa ya kai yaro makaranta. Amma babu alƙalin da ya taɓa yanke hukunci cewa wane ya rage sauri ya daidaita takunsa da na ɗan shekara huɗu. Babu dogarin da a ke aikowa don uba bai tsaya ya nuna wa 'yarsa sheƙar tsuntsu ba. Wannan kyauta ce tsantsa, ba mai tilastawa, ba ma mai zargi in ba a yi ba. Ni kuwa a ganina a nan a ke gane abin da ke zuciyar mutum. Biyan bashi yana nuna mutum mai gaskiya ne, kyauta kuwa ita ke nuna yana ƙauna.

Bari mu ɗauki wuri ɗaya sananne don kada maganar ta zama iska. Ku da ke Kano kun san Dutsen Dala, ku da ba ku taɓa zuwa ba kun ji sunansa. Jan dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai, yana cikin tsohon birni ta wajen arewa, an yi masa matakala har bisa. Ba wani tsawo gare shi ba, saurayi mai ƙarfi kafin ya yi gumi sosai ya kai. Amma tarihin birnin a gindinsa ya tsiro. Masu haƙar kayan tarihi sun sami alamun wuraren narka tama a nan, waɗanda a ke ƙiyasta sun kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya nuna a nan Barbushe ya ke, shugaban masu bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda a ke lissafin sarautarsa daga 999. Jikan Bagauda, watau Gijimasu, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da har yau a ke kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya hau Dala ya zana surar birnin daga can.

Duk wannan za ku same shi a littafi, malaminku kuwa zai tambaye ku shekarun a jarrabawa. To, yanzu ku dubi abin da ke faruwa ran da wani maɗinki ya hau da 'ya'yansa uku. Shi bai san Palmer ba, bai san Barth ba. Tun a gindi autan ya zauna ya ce ƙafarsa ta gaji, aka ɗauke shi. Ta tsakiyar ta kama ƙidayar matakala, lissafi ya ɓace mata, ta ce sai an koma an sake, uban ya lallashe ta ya ce in za a sauko a ƙidaya. Abin da zai hau shi kaɗai cikin 'yan mintoci ya cinye musu rabin sa'a. Da suka kai bisa, iska ta buge su, yaran suka yi tsit. Can sai babban ya ce, "Baba, ina gidanmu?" Uban ya durƙusa daidai tsayinsa, ya miƙa hannu ya ce, "Ka ga hasumiyar can? Masallacin Juma'a ke nan. Kusa da shi kuwa gidan Sarki ne. To, biyo da idonka ta nan, ta nan, inda rumfuna suka yi cunkus, Kurmi ce, inda na ke zama. Gidanmu kuwa yana bayan waccan bishiyar, ba za ka gan shi ba." Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe gidanmu ƙarami ne."

Wannan magana ta yaron ku riƙe ta, domin ilmi ne babba. Tun da aka haife shi, zaurensu da lungunsu su ne duniya. Yau ya ga duniyar tasa ta ƙanƙance har bishiya ɗaya ta ɓoye ta, ya ga kuma hanyoyin da ya ke bi ɗaya ɗaya ashe duk a haɗe su ke, kamar zare cikin saƙa. Bayan shekara uku ko huɗu, ran da malami ya rataya taswira jikin allo ya ce wannan ɗigon shi ne Kano, wannan layin kuwa hanyar jirgin ƙasa ce da ta iso a 1911, waɗansu yara za su haddace kawai kamar aku. Shi kuwa zai gane, domin ya taɓa ganin gari daga bisa. Gani ya kori ji. Malamin za a yaba, ya kuwa cancanta, amma wanda ya yi sassabe ya yi shukar fari maɗinkin nan ne, ba kuwa wanda zai rubuta sunansa cikin rahoton makaranta.

Kada na ƙauye su ce wannan maganar 'yan birni ce. Babban wurin yawon yaran ƙasar nan tun da can gona ce da fadama da bakin rafi. Manomin da ya ɗora ɗansa bisa jaki ya tafi da shi gona tun bai isa riƙe fartanya ba, ba taimako ya ke nema ba, gama ɓarnar yaron ta fi aikinsa. A hanya ne ya ke cewa wannan kuka ce, wannan ɗorawa, wannan kaɗanya, waccan aduwa ce kada ka taka ƙayarta. Shi ke nuna masa gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa, ya kaɗe ganyensa da damina sa'ad da kowa ya yi kore, ya yi ganye da rani sa'ad da kowa ya bushe, ya ce masa ba a sare wannan, gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Masanan aikin gona na zamani sun auna sun ga haka ne, domin gawo yana ƙara wa ƙasa taki, ba ya kuma tare wa shuka rana lokacin da ta ke bukata. Shi ke nuna masa shamuwa ta sauka, ya ce damina ta kusa, a gyara iri. Yau mun san tsuntsuwar nan tana yin sheƙa a ƙasashenmu da damina, in ruwa ya ɗauke sai ta nufi gabas da kudancin Afirka ta bi ruwan can. Makaranta ta ƙara mana sanin inda ta ke zuwa. Amma wanda bai taɓa ɗaga kai ya ga shamuwa ba, me labarin tafiyarta zai yi masa?

Yanzu mu komo ga maganar da ta fi nauyi, watau mantuwa. Mai gardama zai ce, na yarda da babban yaron, amma autan nan da aka saɓa a wuya fa, ɗan shekara biyu ko uku? Ya yi barci rabin hanya, in ya girma kuwa ko alamar ranar ba zai samu a ransa ba. Wannan ma gaskiya ne. Ku gwada da kanku: kowa ya nemi abu mafi daɗewa da ya ke iya tunawa, zai ga da ƙyar ya ke gangarawa ƙasa da shekara uku ko huɗu. Masu binciken halin ɗan Adam sun daɗe da sanin haka, likitan nan na birnin Biyana, Sigmund Freud, ya yi rubutu a kansa tun 1905. To, ashe wahalar uban ta faɗa ruwa ke nan?

In haka ne, sai mu ce nonon da kuka sha ma ya faɗa ruwa, gama ba wanda ya ke tuna ɗanɗanonsa. Ba wanda ya ke tuna ranar da ya koyi cewa "ruwa" ko "wuta", ga shi kuwa da irin waɗannan kalmomi ku ke karanta jaridar nan. Labarin ranar ya kan ɓace, amma akwai abin da ke zama a jikin yaro: ya san akwai wuyan da ba ya kayar da shi, akwai hannun da in kare ya yi haushi ya kan ƙara matse nasa, ya san kuma bayan gari wuri ne da a ke zuwa a komo lafiya. Yaron da ya taso da wannan sani, ran da aka kai shi makarantar kwana mil ɗari daga gida zai yi kukansa na daren fari, ya share hawaye, ya kama karatu, bai kuwa san daga ina ƙarfin ya zo masa ba. Saboda haka na ce mantuwar mai karɓa ba ta soke kyauta, ba ta kuma soke godiya. Hasali ma ita ke ƙara wa kyautar daraja, domin wanda ya ba ka abu alhali ya san ba za ka tuna ba, lalle ba tukwici ya ke jira ba.

Ku da ba ku fara neman na kanku ba, da wuya ku san abin da yinin nan ya ci. Ma'aikacin gwamnati albashinsa yana tafiya ko ya hau dutse ko bai hau ba. Amma maɗinki, da maƙeri, da baduku, da ɗan dako, da ɗan garuwa, ran da ba su fita ba, ba abin da ya shigo. Wanda ya rufe rumfa yini guda, cefanen gobe ya ɗiba ya sayi dariyar yau. Sa'an nan ga wahalar da ba a auna ta da kuɗi. Su yaran yawo su ke yi, shi kuwa gadi ya ke yi. Idonsa ɗaya yana kan mai gudu, ɗaya yana kan bakin kududdufi, domin ya san ruwan da ke kwance cikin ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ya ci yara ba ɗaya ba, ba biyu ba. Yana duban ciyawa saboda maciji, yana ƙidayar kawuna kowane lokaci kamar makiyayi. Ruwan gora in ya yi ƙasa, shi ne mai cewa ba ya jin ƙishirwa. Da yamma kuwa, sa'ad da tasa ƙafar ta gaji, a lokacin ne za a komo da yaro mai barci a kafaɗa, wanda ya taɓa ɗauka kuwa ya san mai barci ya fi mai ido biyu nauyi. (A zamanin nan akwai wani irin uba kuma, wanda ya kan kai yara gidan namun daji, ya biya kuɗin shiga, ya sami inuwa ya duƙufa bisa wayarsa har la'asar. Wannan ya kai su, amma bai je tare da su ba. Ba shi na ke nufi ba.)

Saura maganar mutunci da raini. A nan ba sai na kawo hujja daga kaina ba, domin kowannenku, ɗan makarantar gwamnati ne ko ɗan makarantar mishan, yana da abin koyi a addininsa. Malaman hadisi sun ruwaito Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Sun ruwaito kuma ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wani babba na kabilar Tamim, mutumin ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi bai yaba masa ba, sai ma ya gargaɗe shi bisa rashin jinƙai. Cikin Linjila kuma, a littafin Markus sura 10, almajirai sun tsawata wa masu kawo yara ƙanana, Isa Almasihu ya ji haushin almajiran, ya rungumi yaran. In ɗaukar yaro bai rage girman waɗannan ba, girman wane ne zai rage? Kunya al'ada ce mai kyau, ba na son a yar da ita. Amma kiran suna ta hana, ba ta hana riƙe hannu ba. Kun sha ganin dattijon da har ya rasu bai taɓa furta sunan ɗan farinsa ba, "yaron nan" kawai ya ke cewa, alhali shi ya koya masa iyo, shi ya koya masa hawan doki. Raini kuwa daga wani wuri ya ke tsirowa. Yaro ya kan raina uban da ya yi alkawari ya saɓa, ko wanda ya ke faɗin abu yana aikata wani.

Ina da ƙorafi ɗaya bisa iyayen kirkin nan su kansu. Da yawa in za su fita sai su ware maza, su bar mata a gida da wanke-wanke, ko a ɗora musu talla. Shin idon 'ya mace ba ya ganin gari daga bisa? Ita ce fa gobe za ta fara amsa tambayoyin waɗansu yara tun ba su san hanyar zaure ba. Wanda ya nuna wa 'yarsa gawo da shamuwa, jikokinsa ya koya wa. In ana rabon yabo kuma, kada a mance da wadda ta tashi tun asuba ta dama fura, ta wanke yaran ta shafa musu mai, sa'an nan sau da yawa ita ta zauna tsaron gida, rabonta a yawon labari ne kawai da wankin tufafin da suka sha ƙura.

To, in mun yarda kyauta ce, yaya a ke godiyarta? Mutanen Amurka sun ware rana guda. Asalinta wata mace ce, Sonora Dodd, a garin Spokane. Uwarta ta rasu wajen haihuwa, ubanta, tsohon soja kuma manomi, ya reni 'ya'ya shida shi kaɗai. Da ta girma ta ga ana girmama uwaye da rana tasu, sai ta nemi a yi wa ubanni ma, aka fara a garinsu ran 19 ga Yuni 1910. Abin bai zama doka a ƙasar duka ba sai 1972, zamanin shugaba Nixon, aka tsai da Lahadi ta uku cikin watan Yuni. Niyyar matar nan kyakkyawa ce, al'adar kuma ta yaɗu ƙasashe da dama. Amma ba na jin ita ce maganin namu. Bahaushen uba, in ɗansa ya tsaya gabansa ya fara zuba masa yabo, sai ya kau da kai ya tambaye shi ko ya ba awaki ruwa. Kunyar da ta hana shi faɗin ƙauna da baki, ita za ta hana shi karɓar godiya da baki. Da ya so nuna ƙauna, da ƙafa ya yi ta, da kafaɗa, da yini guda. Godiyar ma wannan hanya za ta bi.

Ga inda maganar ta shafe ku, ku musamman. Ilmin makaranta yana da wata cuta da ta kan kama ɗalibi in ya fara nisa. Ya komo hutu da farin wando da littattafai, ya san sunan babban birnin Faransa, ya san duniya tana juyawa, sai ya fara jin maganar ubansa kamar tatsuniya. Tsoho ya ce bana ruwa zai yi jinkiri, ga alama kaza, ɗan ya yi murmushi ya ce ba haka ya ke a littafi ba. Tsoho ya ce zo mu leƙa gona, ɗan ya ce yana da aikin makaranta, alhali kwanciya zai yi. In abokansa suka zo kuwa, sai ya yi ta fata kada tsohon ya fito da rigarsa mai faci. Wannan shi ne butulcin da na ke jin tsoro, ba zagi, ba duka, murmushi kawai. Mutumin da ya saurari tambayarku ta wauta sau goma ya amsa sau goma, yanzu ku ne ba ku da haƙurin jin tasa maganar sau ɗaya. Mai yiwuwa ne littafi ya fi shi gaskiya a wani abu, ban ce ku ƙaryata littafi ba. Amma akwai yadda a ke gyara wa uba magana, a zaune, a ƙasa, bayan an ji ƙarshenta, kamar yadda shi ma ya durƙusa daidai tsayinku. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ku kuwa rimin da kuka fara hawa wuyansa ne.

Akwai kuma ranar da ke zuwa, in Allah ya ja kwana, da gwiwar tsohon za ta ƙi, ku ne za ku kai shi masallaci ko majami'a ko asibiti. Zai tsaya hutawa bayan kowane taku ashirin, zai yi muku tambaya ɗaya sau uku, ku kuwa ga aiki yana jiranku. Ba banza ba ne ayar Suratul Isra'i da ta yi umurni da kyautata wa iyaye ta ambaci lokacin tsufansu musamman, girmama uba da uwa kuma ya shiga cikin Dokoki Goma a Littafin Fitowa sura 20.

Na san cikinku akwai mai karanta wannan zuciyarsa tana ƙuna, yana cewa ni ubana bai taɓa kai ni ko ƙofar gari ba. Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Wani uban yawonsa cin rani ne, ya tafi Ikko wata biyar yana dako ko gadi don a biya kuɗin littafinka. Da ya zauna ya kai ka dutse, da ba ka iya karanta wannan ba. Wani kuma shi ma haka ya taso, ba a taɓa riƙe hannunsa ba, bai san a kan yi ba. Akwai kuma, ba za a ɓoye ba, wanda ya ke da hali da lokaci amma ya ƙi, ya fi son hira a gindin bishiya. Wannan ya yi hasara. Biyayyarsa tana nan a wuyanka, amma ba tilas ka gaji halinsa ba. Maraya kuma ya duba da kyau, sau da yawa akwai baffa, ko kawu, ko wa, ko maƙwabci, wanda ran da za a fita da 'yan gida ya waiwaya ya ce, "A taho da shi."

In hutu ya zo kun koma gida, ga abin da na ke so ku gwada. Kada ku ce wa tsoho kun zo godiya, zai kore ku. Ku fara da uwa ko kaka, ku tambaye ta ina da ina aka taɓa kai ku kuna ƙanana, wa ya ɗauke ku, me kuka yi. Mata ba su mance irin wannan, za ku ji abin da zai ba ku dariya da abin da zai sa ku yi shiru. Sa'an nan ran da ya ɗauki sandarsa zai leƙa gona ko kasuwar ƙauye, ku karɓi kayan hannunsa ku bi shi, ku tafi da ƙaramin ƙane ko ƙanwa in akwai, wannan karon ku ne masu saɓawa. Ku riƙe ɗan littafi da fensir. Duk itacen da kuka wuce ku tambayi sunansa da amfaninsa, da tsuntsu, da ciyawa, da sunan kowace fadama da dalilin sunan, ku rubuta. Ganuwar da Gijimasu ya fara yau yawancinta ta zube an gine wurin, itatuwa da yawa na bayan gari an sare su an yi gawayi, sunayensu kuwa suna cikin kawunan mutanen da ba su rubutu. Zai yi mamakin tambayoyin, watakila ma ya ce me a ke koya muku a makarantar nan da ba ku san kalgo ba. Ku bar shi ya faɗi, ku ci gaba da rubutu.